CERES ko ERA5: wanda zan ce ka ɗauka

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka tambaya wane kundin bayanai za ka ɗauka na hasken ranar da ke isowa ƙasa a duniya duka, don binciken sauyin yanayi: CERES, wato awon na'urar NASA da ke kan tauraron ɗan'adam, ko ERA5, wanda kwamfuta ke haɗawa daga awon yanayi. Ka ɗauki CERES, musamman kundinsa na wata-wata da ake kira EBAF.

Da shi nake aiki shekara da shekaru, kuma ina iya tuna ranar da ya shiga raina. Na ɗauko awon wata tasha ta BSRN, wato tashoshin ƙasa da suke auna hasken rana tun 1992, na jera shi da na CERES a takarda ɗaya. Layukan biyu suka riƙa hawa da sauka tare, wata bayan wata, kamar wa da ƙani. Inda hadari ya yi yawa duka suka faɗo, inda gari ya washe duka suka ɗaga. Na daɗe ina kallon takardar nan, don abin da mamaki: na'urar da ke can sama da kilomita 700 ba ta taɓa sauka ƙasa ba, amma ta san abin da ya sauka.

Ita na'urar ba ta auna hasken da ya iso ƙasa kai tsaye. Abin da take gani shi ne wanda ya koma sama. A saman sararin samaniya, in aka raba wa duniya duka, dare da rana, ana samun kusan watt 340 a kowace murabba'in mita, amma wajen 185 ne ke isowa ƙasa. Sauran gajimare da ƙura da iskar sama sun mayar ko sun shanye. To CERES tana auna abin da ya koma, na'urar MODIS da ke kan tauraro ɗaya da ita tana faɗin kaurin gajimare da tsayinsa, sannan a yi lissafin abin da ya ratsa ya sauko. Cikin taurarin da suka ɗauki CERES, Terra, da NASA ta harba a Disambar 1999, ya riƙa ratsa tsakiyar duniya da hantsi, Aqua na 2002 kuma da azahar, a cike sa'o'in da ke tsakani da hotunan taurarin da ke tsaye wuri ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne an daidaita jimillar EBAF da zafin da teku ke tarawa, wanda na'urorin Argo ke aunawa a cikin ruwa. Mai binciken sauyin yanayi abin da yake nema ke nan, lissafin da samansa da ƙasansa ba sa musu da juna.

Aibinsa biyu, ba zan ɓoye maka ba. Daga Maris 2000 ya fara, kuma kowane gida nasa, wato yankin taswira da yake ba wa awo guda, digiri ɗaya ne, wajen kilomita 110. Bai san kwari da tudu ba. A kan dusar ƙanƙara ma a yi hattara, don daga sama fari da fari ne, raba ta da gajimare sai da wahala.

ERA5 na ECMWF, cibiyar hasashen yanayi ta Turai, kuwa, ba laifi. Ya koma har 1940, awa-awa, gidansa wajen kilomita 31. Sai dai gajimaren da ke cikinsa kwamfuta ce ta lissafa shi, kuma a wuraren da hadari ke yawa yakan ba da haske fiye da na gaskiya. In sai ka leƙa shekarun da hasken da ke isowa ƙasa ya ragu, daga 1950 zuwa wajen 1980, ka riƙe awon tashoshin ƙasa a hannun dama, shi a hagu.

Da a ce Afirka da Turai kaɗai za ka duba, da na ce ka nemi kundin SARAH na EUMETSAT, hukumar taurarin yanayi ta Turai, wanda aka haɗa da hotunan taurarin Meteosat tun daga 1983, gidansa wajen kilomita 5. Amma idon Meteosat bai kai ga duniya duka ba, kai kuma duniya kake so.

Wani abu da ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa. Duk waɗannan kyauta ne, rajista kawai za ka yi ka sauke. Akwai masu kwaso su, su yayyanka gidan digiri ɗaya zuwa kilomita ɗaya, su shafa masa launi, su ce sabon awo ne mai kaifi. Na taɓa biyan irinsu, har yau abin yana min ciwo, don wata biyu na gina aiki a kai kafin na gane tsohon kaya ne aka sake wa riga. Duk wanda ya kawo maka tallan bayanai, ka tambaye shi daga wane tauraro, da wane lissafi, kuma da waɗanne tashoshin ƙasa aka gwada. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Ka sauke EBAF daga shafin NASA Langley. In aikin ya buƙaci na kullum ko na awa-awa, sai ka koma SYN1deg, ɗan gidansu ɗaya ne.