Wasiƙa Daga Amurka Kan Maganin Ciwon Damuwa da Maganaɗisu

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, kai da Inna da yara da sauran mutanen gida, kuma an shigar da amfanin gona lafiya.

Ka tambaye ni labarin na'urar da ake ta yaɗa bidiyonta a WhatsApp, wadda aka ce tana warkar da ciwon damuwa ba tare da shan ƙwaya ba, har ka ce masu zuwa ɗakin shan maganinku sun fara yi maka tambaya a kanta. Da yake a asibitin da nake aikin jinya akwai ɗakin da aka ware domin wannan aiki, ga abin da na sani.

Na'urar gaskiya ce, kuma ba sabuwa ba ce. Wani masani mai suna Anthony Barker da abokan aikinsa ne suka fara nuna ta a birnin Sheffield na Ingila a 1985, sannan hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da ita ga masu tsananin damuwa a 2008. A taƙaice ana kiranta TMS. Majinyaci yana zama a kujera idonsa biyu, a toshe masa kunnuwa, a ɗora masa wata naɗaɗɗiyar waya a gefen hagu na kansa, can sama da goshi. Wayar tana fitar da ƙarfin maganaɗisu wanda yake ratsa ƙashin kai ya motsa jijiyoyin sashen ƙwaƙwalwar da ke da hannu wajen daidaita yanayin zuciya. Ƙararta kamar ta keken ɗinki ce idan tela ya taka shi da sauri, a yi ta na ɗan lokaci, a tsaya, a sake. Ba a yi wa mutum allurar barci, saboda haka ta bambanta da maganin girgiza da lantarki da mutanenmu suke jin tsoro, kuma da an gama yakan tashi ya tuƙa motarsa ya tafi aiki.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ranar farko, domin a nan ake auna wa kowa gwargwadonsa. Likita yana matsar da wayar a hankali a kan majinyaci, yana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan, mu kuwa idonmu na kan hannunsa da ya shimfiɗa a cinya, har sai babban yatsansa ya motsa da kansa. Ƙarfin da ya motsa yatsan shi ne ma'aunin da za a yi masa aiki da shi, kuma na wani ba ya zama na wani. Daga nan sai zuwa kullum, kwana 5 a mako, na tsawon mako 4 zuwa 6, kowane zama minti 20 zuwa 40, ko da yake tun 2018 an amince da wani salo na minti 3 kacal. Masana a Jami'ar Stanford sun ƙara gaba: suna fara ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mutum da na'urar MRI domin su gano ainihin gurbin da ya dace da shi, sannan su yi masa zama 10 a rana har kwana 5. An amince da wannan salo a 2022, amma gwajin da aka fi ambato a kansa mutum 29 ne kawai suka shiga, don haka ni ban yarda da masu kururuta shi kamar an gama magana ba.

A salon da aka saba, kusan rabin waɗanda ƙwayoyi suka gaza yi musu aiki suna samun sauƙi, kimanin kashi ɗaya cikin uku kuma ciwon yakan lafa musu gaba ɗaya, sai dai yana iya dawowa bayan watanni. Akan yi ciwon kai da zafin fatar kai, kuma ana yin taka-tsantsan da mai farfaɗiya da wanda yake da ƙarfe a cikin kansa.

Batun kuɗi kuwa, ko a nan ba kowa ke iyawa ba. Cikakken magani yana cin dubban daloli, kuma kamfanonin inshora ba sa biya sai mutum ya kawo shaidar cewa ya gwada magungunan sha ba su yi masa amfani ba. Wato su kansu masu na'urar ba da ita suke farawa ba. Wannan ne nake so ka riƙe, Yaya, domin idan na kwatanta nan da gida, bambancin da ya fi yi mini ciwo yana faruwa tun kafin a kai ga wata na'ura. A nan wanda ya zo da ciwon baya ma akan miƙa masa takarda mai tambayoyi 9: yaya barcinsa, yaya cin abincinsa, shin abin da yake jin daɗinsa a da har yanzu yana jin daɗinsa, shin ya taɓa jin gara ya mutu. Idan an ba shi magani akan kira shi ya dawo a sake auna shi da wannan takarda. A wajenmu kuwa mai jegon da ta daina magana, ta daina cin tuwo, ta zauna tana kallon bango jaririnta na kuka, sai a ce iska ce ko sammu, ko a ce mata ta rage tunani ta yi tawakkali. Ba na raina addu'a da ruƙiyya, ni ma da su na dogara, amma ba su hana a kai ta asibiti ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutane fiye da miliyan 200, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Duk da haka ba mu rasa komai ba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, akwai na Dawanau, akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma magunguna irin su amitriptyline da fluoxetine suna samuwa da kuɗin da bai kai a sayar da akuya ba. Abin da ya kamata ka riƙa jaddada wa mutane shi ne maganin yana ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa, kuma ana ci gaba da shansa aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi. Amitriptyline kuma a bar shi a hannun wani babba a gida, domin shan sa da yawa yana kisa.

Akwai kuma abin da muka fi su. Da yawa daga cikin majinyatan nan su kaɗai suke zuwa, su kaɗai suke komawa ɗakin da babu mai ce musu sannu, alhali a ƙauyenmu mara lafiya ba ya kwana shi kaɗai, kuma maƙwabta ba sa barin tukunyarsa ta huce. Likitocin nan suna neman irin wannan kulawa ga majinyatansu da kuɗi ba su samu.

Don Allah kada ka bari wani ya jinginar da gona domin wannan na'ura, kuma ka gargaɗi mutane kan hula ko zoben maganaɗisu da 'yan talla suke yawo da su ranar kasuwa, domin ba su da wata alaƙa da abin da na bayyana. Zan turo maka tambayoyin nan 9 da Hausa ka riƙa gwada su ga masu jego da tsofaffi. Kai kuma ka rubuto mini kuɗin mota zuwa Kazaure da dawowa, da kuɗin maganin wata guda, domin mu 'yan garinmu da ke nan mu ga abin da za mu iya haɗawa duk wata. Duk wanda ya furta cewa ya gaji da rayuwa, a kai shi a ranar, kada a jira kuɗinmu su iso.

A gaida Inna da kyau. Wassalam, ƙaninka.