Ƙwayar hormon da aka dasa mini a ƙugu: abin da na ji, da dalilin da ban sake ba

Shekarata 52, atamfa da leshi nake sayarwa a kasuwar Nima da ke Akara a Gana, kuma al'ada ta ɗauke mini tun ina da 49. Ɗaukewar ba ta dame ni ba. Abin da ya biyo bayanta ne ya hana ni sakat. Ina cikin auna wa mai saye yadi sai zafi ya taso daga ƙirji ya mamaye fuska, kafin in yi ciniki mayafina ya jiƙe. Da dare nakan canza zane sau biyu, ko da hunturu ne. Barci ya ƙaurace, fushi ya matso kusa, tsakanina da Alhaji kuma akwai abin da ya canza, irin wanda mu matan zango ba ma faɗa wa ko aminiya. Duk wadda na yi wa kuka, amsar ɗaya ce: "Girma ne, Hajiya, sai haƙuri."

A 2023 na je unguwar Bronx a Amurka wankan jegon 'yata. Ita ta gan ni tsakar dare a bakin taga ina fifita ana tsananin sanyi, ta ce, "Mma, wannan yana da magani fa." Wata abokiyar aikinta ta kwatanta mana wani ƙaramin asibitin kuɗi inda ake dasa ƙwayar hormon, wato irin sinadarin jiki da ke raguwa in al'ada ta ɗauke. Aka ɗebi jinina, bayan mako guda na koma. Na kwanta ta gefe, aka yi allurar kashe zafi a saman ɗuwawu, aka ɗan tsaga fata, aka tura ƙwayoyi biyu masu girman tsabar shinkafa, ɗaya estiradiyol (wani nau'in estirojin, hormon na mata) ɗaya testosteron (wanda ya fi yawa a jikin maza), aka liƙe da filasta. Bai kai minti goma sha biyar ba. Dala 350 'yata ta biya daga aljihunta. Suka ce zai yi ta narkewa a hankali wata uku zuwa huɗu, suka haɗo ni da wani kafso na wata ɗaya, in riƙa sha in zan kwanta.

Ba zan ci amanar maganin ba, ya yi aiki. Cikin kwana goma zafin ya lafa. Ranar da na fara kwana tun daga isha'i har kiran assalatu ban farka ba, sai da na yi hawaye a kan darduma. Ƙarfi ya dawo, raha ta dawo. Da na sauka Akara, 'yan kasuwa har cewa suke yi iskar Amurka ta karɓe ni. Da a wannan makon na rubuta sharhin nan, da cewa zan yi kowace mace ta je a dasa mata.

Mako na shida ƙuraje suka feso mini a haɓa kamar budurwa. Sai gashi mai kauri a gemu da saman leɓe. Wanda ya fi tayar mini da hankali murya ce: ina biya wa mata karatu a makarantar unguwa ranar Asabar da Lahadi, sai na ji tana dusashewa, ba na kai inda na saba kaiwa. Kafson nan kuwa ya ƙare tun ina can. Da yake yana sa ni barci, na ɗauka maganin barci ne, kuma babu wanda ya ce mini dole ne in ci gaba da shi. A wata na uku, shekara biyu da rabi bayan rabuwata da jini, na tashi na ga jini. Abin da ya fara zo mini salla ce, haila ce wannan ko jinin ciwo? Malamarmu ta yi mini bayanin hukuncin, sannan ta ce, "Hajiya, kafin komai ki je asibiti gobe." Allah ya saka mata.

A asibitin Korle Bu likitar mata ta saurare ni har na gama. Aka yi hoton mahaifa, aka ga bangonta ya yi kauri, aka ɗebi ɗan nama don gwaji. Kwanakin jiran sakamakon ba na fatan su ga ko maƙiyi. Alhamdulillahi ba daji ba ne. Ita ta warware mini abin da ya kamata in ji tun ranar farko: kafson nan projesteron ne, hormon mai kare mahaifa, kuma duk macen da mahaifarta ke nan, in aka ba ta estirojin ba tare da shi ba, bangon mahaifa zai yi ta tsiro, wani lokaci har ya rikiɗe ya zama daji. Testosteron ɗina kuma ya haura abin da ya dace da jinin mace. Na ce to a cire mini. Ta ce, "Hajiya, ƙwayar ta riga ta fara narkewa a cikin kitse, tono ta ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai mu kare mahaifar, mu jira ta ƙare." Wannan maganar ita ce ta yanke mini hukunci a kan abin baki ɗaya. Ƙwayar sha in ta ɓata maka, gobe ka bar ta. Wannan kuwa ta shiga ke nan, yawanta ko ƙarancinta, da ita za ki kwana ki tashi har watanninta su cika.

Abin da ya ja ni tun farko shi ne cewa da suka yi daga doya da waken suya ake yin sa, kuma daidai yake da wanda jiki ke yi. Wa zai ji tsoron doya a Gana? Gaskiya ne daga tsiro ake samo tushen sinadarin, amma a ɗakin haɗa magani ake juya shi ya zama hormon, ba abin da doyar puna ta kasuwa za ta yi miki. Kuma man shafawa da filastar estiradiyol da kamfanoni ke yi da rajista, su ma irin na jikin ne sak. Bambancin shi ne ƙwayoyin da ake dasa wa mata a Amurka wasu kantunan magani ne ke haɗa su, hukumar kula da abinci da magunguna (FDA) ta can, ba tamu ta nan ba, ba ta tantance su ba. Wanda ta amince da shi, Testopel, na maza ne. 'Yata da abin ya dame ta ta bincika ta gano cewa tun 2020 majalisar masana kimiyya da likitanci ta Amurka ta ba da shawarar a taƙaita irin wannan haɗin, sai ga wanda maganin rajista bai karɓe shi ba. Ta yi ta ba ni haƙuri a waya. Ban ga laifinta ba, tausayina ta ji.

Ban daina maganin hormon ba, domin wahalar da na sha shekara biyu ba abin da zan koma wa ba ne da sunan haƙuri. Yanzu man estiradiyol nake shafawa a dantse kowace safiya, in sha projesteron da dare, in ga likita duk wata shida, a duba nono da hawan jini. Da farko awon ya ɗan yi mini yawa, ta rage shi a zama ɗaya. Ƙurajen sun tafi, gashin haɓa ya ragu sosai. Muryar ce ba ta gama dawowa ba, kuma likita ta faɗa mini gaskiya cewa wataƙila ba za ta dawo duka ba. Ranar Asabar ƙanwata ke jan dogayen ayoyi yanzu, ni ina gyara mata.