Shirin koyon bincike na dogon hutu, na gama kuma ga ra'ayina

Satin da ya wuce muka kammala shirin nan da jami'o'i ke ɗaukar 'yan digirin farko a dogon hutu su zauna a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, tare da masu bincike na gaske, kuma tunda 'yan ajinmu sun ishe ni da tambaya wai ya cancanci a nema ko ɓata hutu ne kawai, bari in amsa gaba ɗaya. Ya cancanta wallahi, amma komai ya rataya ne a kan wanda za a haɗa ka da shi kullum, ba sunan jami'ar ba.

Ni lab ɗin ƙananan halittu aka tura ni, ɓangaren bakteriyar da ta daina jin magani. Ba ƙaramar matsala ba ce, binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ita. Aikina shi ne gwajin Kirby-Bauer, wato ka daidaita yawan bakteriyar da ma'aunin McFarland 0.5, ka shafa ta a farantin da aka zuba wani abincin bakteriya mai suna Mueller-Hinton, ka ɗora 'yan ƙananan takardu masu ɗauke da magani, ka saka a inkubeta a zafin digiri 35 na awa 16 zuwa 18, washegari ka auna faɗin da'irar da ta kasa tsirowa a milimita ka duba jadawalin CLSI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin irin wannan gwaji, ka ga ko maganin yana kashe ta ko ya daina. A aji shafi ɗaya ne wannan, mun haddace mun ci jarrabawa. A hannu kuwa sai ka tarar kaurin abin da ka zuba a farantin ma sai ya zama wajen milimita 4, in ya yi siriri da'irar ta fi girma sai maganin ya yi kamar yana aiki alhali ba haka ba ne, kuma kullum sai an gwada wata bakteriya E. coli da aka riga aka san halinta, mai lamba ATCC 25922, in nata sakamakon ya fita daga iyaka to duk aikin ranar ya tashi a banza, sai a sake.

Wadda ta koya min duk wannan ɗaliba ce mai digiri na uku, Malama nake ce mata. Allah ya saka mata da alheri. Ba ta taɓa karɓe abu daga hannuna ta yi da kanta ba, sai dai ta tsaya ta ce to me kake gani ya jawo haka, in yi ta kame-kame har in kamo bakin zaren. Ita ta sa na fara rubuta komai a littafin lab da biro, da kwanan wata, ba gogewa, in an yi kuskure a ja layi ɗaya yadda za a iya karantawa. Ita ta nuna min cewa takardar bincike ba daga farko ake karanta ta zuwa ƙarshe ba, ka fara duba hotuna da jadawali ka ga me suka auna tukuna kafin ka saurari abin da suke cewa sun gano. Gaskiya wannan kaɗai ya canza yadda nake karatu.

Yanzu inda suka gaza. Makonnin farko sun tafi ne a horon kariya da jiran katin shiga, horon dole ne ban ce a'a ba, amma ai ana iya yin rabinsa ta intanet kafin mu iso, tunda shirin duka sati goma ne. Alawus ya makara sosai, wanda bai zo da ɗan guzuri ba ya ji jiki. Farfesan da sunansa ke kan takardar ɗauka kuma sai a taron mako muke ganinsa, wani lokacin ma ba ya nan. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne wani abokin zamana da aka tura wani lab, kusan hutun gaba ɗaya wankin kwalabe ya yi da kunna otokilef, tukunyar da ke kashe ƙwayoyin cuta da tururi, digiri 121 minti 15, safe da yamma, babu wata tambaya tasa da zai bi. Shiri ɗaya, takardar shaida iri ɗaya, amma shi an cuce shi, kuma masu shiryawa ba su taɓa zagayawa sun tambaye mu yaya ake ciki ba sai a fom ɗin ranar ƙarshe.

A ƙarshe mun yi PCR, gwajin da ake ninka ƙwayar gado da shi don a iya gano ta, muna neman ƙwayar gadon da muke zaton ita ke sa bakteriyar bijirewa, yawancin samfurin ba su nuna ta ba. Na so in ji ba daɗi, Malama ta ce wannan ma sakamako ne tunda gwajin da ke tabbatar da cewa PCR ɗin ya yi aiki ya fito daidai, a rubuta shi yadda yake. Haka na kai shi ranar fosta, ranar da kowa ke baje sakamakonsa a babbar takarda, wani dakta ya jefo min tambayar da ba ni da amsarta, na ce ba mu gwada wannan ba amma ga yadda za a gwada, ya gyaɗa kai. Ni da ko hannu ba na iya ɗagawa a aji.

Zan ba su huɗu cikin biyar. Mai son neman irin wannan shiri ya duba sharuɗɗa da kyau, misali shirin REU na Amurka da hukumar kimiyyar ƙasar, NSF, ke ɗaukar nauyi tun 1987 na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin, Mitacs Globalink na Kanada sati 12 ne kuma wasu ƙasashe kawai ya shafa, shi kuwa na cibiyar binciken fisiks ta CERN da ke Janeba yana karɓar kowace ƙasa in kana fisiks, lissafi, kwamfuta ko injiniya, kuma wajen ƙarshen Janairu ake rufewa don haka tun kafin sabuwar shekara ka roƙi malamanka wasiƙar shaida. In an ɗauke ka, ka tura imel ka tambayi wa zai riƙa kula da kai kullum da kuma wace tambaya ce aikinka zai amsa, in da hali ka nemi wanda ya zauna a lab ɗin bara ka ji ta bakinsa kafin ka sa hannu.