Kula mai ruwa, esi ko fanka: wanne ya dace da gidan ƙasa a Daura?

Mai gida a tsofaffin unguwannin Daura, kewayen fada da rijiyar Kusugu, yana da wata gata: katangar ɗakinsa mai kauri ce, da rana tana shanye zafi, sai dare ta sake shi. Amma daga Maris zuwa Mayu, idan zafi ya haura digiri 40, ginin ƙasa kaɗai ba ya isa, balle a gidajen da aka cire azara aka ɗora kwano.

Ni dai zaɓina kula mai ruwa ce, wato na'urar da ke sanyaya iskar ɗaki da ruwa. Aikinta irin na randa ne: famfo yana jiƙa wani takarda mai kama da saƙar zuma, fanka ta jawo iska ta cikinsa, ruwan ya tashi ya tafi da zafin. Iskarmu ta bazara busasshiya ce ƙayau, kuma a busasshiyar iska wannan na'ura ta fi aiki. Matsakaiciya tana cin wat 100 zuwa 200, don haka ƙaramin sola ko ɗan janareta yana ɗaukarta, alhali esi mai doki ɗaya da rabi yana jan kusan wat 1,000 ko fiye. Tana kuma sassauta bushewar hanci da leɓe. Sharaɗinta shi ne a ajiye ta bakin taga, a bar wata ƙofa a buɗe, in ba haka ba ɗaki ya cika da gumi. Idan damina ta kankama, ƙarfinta yana raguwa sosai. Wajen saye a buɗe bayanta a taɓa takardar: mai kauri ake so, a kuma tambaya ko ana samun ta canji, domin gishirin ruwan burtsatse yana toshe ta.

Fanka kuwa iskar ɗaki kawai take juyawa, da azahar wuta take hurowa. Esi na taga galibi sai an fasa bango, wanda ban yarda a yi wa ginin ƙasa ba.

Esi mai rabe biyu, wato mai inji ɗaya a ɗaki ɗaya a waje, yana da sanyi, babu musu, musamman mai inbata da ke rage gudu maimakon kashewa da kunnawa. Amma a nan ake cin kuɗin jama'a. Wani mai gyara ya yi ta zuwa gidanmu duk bazara yana cewa gas ya ƙare, yana karɓar kuɗin ɗuri. Gas na esi ba ya ƙarewa, zagayawa yake a rufaffen bututu. Idan ya ragu, akwai yoyo. Mai gyaran da ya zo daga baya ya shafa kumfar sabulu a mahaɗar bututun da ke jikin injin waje, nan take ta fara tsiro da ƙwai. Ya yanke bakin, ya sake buɗa shi, ya ɗaure, shi ke nan. Duk wanda ya ɗauko tukunyar gas bai nemi yoyo ba, a sallame shi.

A karanta takardar da ke manne jikin injin, a ga ko irin gas ɗinsa R22 ne, R410A ko R32, domin matsinsu ba ɗaya ba ne kuma ba a gauraya su. R22 tsohon yayi ne da ake janyewa a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, kuma shi ne a cikin yawancin 'yan Beljiyam da ake fesa wa fenti a sayar kamar sababbi. Bututu ma ana ha'inci: a kawo alminiyam da aka rina da launin jan ƙarfe. A kankare bakinsa da wuƙa, idan fari ya bayyana, a mayar. Mai ɗaurawa dole ya zuƙe iskar bututu da injin zuƙa kafin ya saki gas. Wanda bai zo da shi ba, bai shirya aikin ba. Sannan a tsaya a kansa wajen tiyon ruwa. Na ga inda aka bar shi yana ɗiga a jikin katanga, makuba ta zube, tubali ya fito fili ya fara narkewa. A ja tiyon har ƙasa, ya zuba a bokiti.

Hunturu gajere ne, daga Disamba zuwa Janairu yake tsananta, kuma ɗakin ƙasa yana riƙe ɗumi. Hita ta lantarki tana cin wat 1,000 zuwa 2,000, ta fi ƙarfin wayar tsofaffin gidaje da yawa. Esi mai ɗumama ɗaki akwai shi, amma galibin na kasuwarmu sanyi kawai suke yi, don haka a sa mai shago ya kunna a ji ɗumin da hannu kafin a biya. Kaskon gawayi kuma, don Allah, kada ya kwana a rufaffen ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum cikin barci. A ji ɗumi a tsakar gida ko a zaure, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara wa yara bargo.