Sharhi: Kundin This Is Why na Paramore, inda masu sharhi suka yi daidai da inda suka yi sassauci

Wanda ya san Paramore tun zamanin kundinsu Riot! na 2007 kada ya kunna This Is Why da tsammanin zai ji irin wancan kiɗan. Ƙungiyar, wadda aka kafa a garin Franklin na jihar Tennessee a Amurka a 2004, ta yi suna ne da salon emo da pop-punk: jita mai kauri, ganga mai gudu, da amshin da dubban matasa ke rerawa tare suna amayar da abin da ke cin ransu. Kundin nan na shida, da ya fito ranar 10 ga Fabrairun 2023 a ƙarƙashin kamfanin Atlantic, wata hanya ya ɗauka daban. Waƙoƙi 10 ne a cikin kusan minti 36, Carlos de la Garza ne ya tsara sautin, kuma mutum uku ne suka rage a ƙungiyar: Hayley Williams a murya, Taylor York a jita, Zac Farro a ganguna.

Masu sharhi sun karɓe shi hannu bibbiyu. Ya shiga jadawalin Billboard 200 na kundayen da suka fi tashe a Amurka a matsayi na 2, ya hau na 1 a Birtaniya, sannan a Fabrairun 2024 ya ci kyautar Grammy ta kundin rock mafi kyau, karo na farko da ƙungiyar da mace ke jagoranta ta ɗauki wannan kambu. Abin da aka fi yabawa shi ne komawarsu salon post-punk, mai busasshiyar jita da ganga mai motsa ƙafa, irin na Bloc Party, ƙungiyar Landan da Williams da kanta ta ambata cikin waɗanda suka yi musu tasiri.

A kan kiɗan, na yarda da su ɗari bisa ɗari. Bambancin yana hannun York. A pop-punk ana danna igiyoyi biyu ko uku tare, a cika su da ƙugi, a bar sautin ya toshe ko'ina kamar bango. A nan jitar busasshiya ce, ana tsinkar ta a taƙaice a kuma kashe sautin da tafin hannu, sai a sami rata tsakanin bugu da bugu. Cikin wannan ratar ne gangunan Farro ke yawo. Saurari waƙar farko, wadda kundin ya ci sunanta: baitocin a hankali suke tafiya, murya ƙasa-ƙasa kamar raɗa, bes (jita mai sautin ƙasa) da ganga ne ke riƙe da komai, sai amshi ya zo a tsattsage, kowace kalma da nata bugun. Farro ba ya dukan ganga don ƙarfi kawai. Ƙananan bugun da yake sakawa a tsakanin manya, waɗanda da ƙyar kunne ke kama su, su ne ke sa ƙafa ta motsa.

Shi ya sa abin da za ka saurare shi da shi yake da muhimmanci ƙwarai. Lasifikar waya ba ta iya fitar da sautin ƙasa, don haka bes da babbar gangar ƙafa ɓacewa suke yi, a bar ka da jita mai kaifi da murya kaɗai, sai ka ɗauka kundin ba shi da nama. Iyafis mai toshe kunne sosai, ko da mai araha ne, ya wadatar, amma a sa duka biyun, domin akwai sassan kiɗan da aka raba hagu da dama. A Spotify kuma a duba ingancin sauti. Matakin 96 kbps (ma'aunin ingancin sauti) zai ci kusan megabait 26 a kundin gaba ɗaya, na 320 kbps na masu biyan kuɗi kusan megabait 86. A ƙananan matakai farantan ƙarfen da ke saman ganguna ne ke fara lalacewa, su riƙa wani shuuu kamar ruwa a kan kwano, kuma a kundin da ganga ce ƙashin bayansa wannan asara ce babba. Gara a sauke shi sau ɗaya a babban mataki.

Inda nake ganin an yi musu sassauci shi ne kalmomin rabin farko. The News tana magana kan yadda labaran yaƙi da masifa ke bin mutum har cikin aljihunsa, kuma damuwar ta gaskiya ce, amma an faɗe ta ne yadda kowa ke faɗa, babu wani hoto da zai maƙale a zuciya. C'est Comme Ça ta raba kan masu sauraro: baitocinta magana ce ba rerawa ba, amshinta kuma maimaici ne wanda a saurare na uku ya fara gundurar da ni. Ba ta kai minti uku ba, wannan ne ya cece ta.

Daga waƙa ta biyar abin ke zama. Big Man, Little Dignity ta shigo da kayan busa masu taushi, Williams na caccakar mazan da ke ɓarna ba a tuhumar su, cikin murya mai sanyi da ta fi ihu zafi. Figure 8 ce ta fi kusa da tsohon salonsu, ita zan fara miƙa wa mai kewar Riot!. Thick Skull, wadda ta rufe kundin, tana farawa a hankali tana taruwa har muryar ta fashe, kuma a nan ne kalmomin suka koma kan ita mai waƙar da irin zargin da ta sha duk lokacin da wani ya bar ƙungiyar. Emo ɗin da ake cewa sun bari yana nan, gudunsa kawai aka rage.

A bi jerin waƙoƙin yadda aka tsara su, a kashe maɓallin cakuɗawa, a kuma ba shi saurare uku kafin a yanke hukunci. A ma'aunina ya ci 8 cikin 10, maki biyun kuma a waƙa ta biyu da ta huɗu, wato The News da C'est Comme Ça, suka zube.