Ma'anar Jimla: Gaskiyarta ko Aikinta?

A 1967 masanin falsafa Donald Davidson ya ɗora kan aikin masanin lissafi Alfred Tarski, ya ce sanin ma'anar jimla shi ne sanin yanayin da za ta zama gaskiya. Ka fahimci "ana ruwa a Kano" muddin ka san abin da zai tabbatar da ita. Ma'auni ne tsayayye.

To, "sannu da aiki" fa? Ba gaskiya ba ce, ba ƙarya ba. Nan masanin falsafa J. L. Austin ya fi gamsar da ni, ko da yake ma'auninsa bai kai wancan tsauri ba: wata maganar ita kanta aiki ce. Waliyyi ya ce "na ba shi" gaban shaidu, wakilin ango ya karɓa, aure ya ɗauru. Ba labari suka bayar ba.