Mai tsoron cire haƙori: wane maganin kwantar da hankali za ka nema?

A Maraɗi akwai masu yawa da suka gwammace su yi ta cusa kanumfari a ramin haƙori har kunci ya kumbura, da su je su zauna a kujerar likita. Tsoron allura ne, da ƙarar injin huda haƙori. Akwai magungunan da ake ba irin waɗannan mutane, amma ba ɗaya suke ba, a ƙarfi da kuɗi da haɗari.

Allurar kashe zafi, wadda galibi lidokayin ce, ita ce tushe. Ana yin ta a dasashi, cikin 'yan mintoci wurin ya mutu, leɓe ya yi nauyi na awa 2 zuwa 3. Idan tsinin allurar ne ke tayar maka da hankali, ka roƙi a fara shafa maka man kashe zafi a wurin. Sau da yawa ana haɗa ta da adirenalin, shi ya sa wasu ke jin zuciya na bugawa da sauri na ɗan lokaci. A ganina mafi yawan mutane wannan allurar ta ishe su, in dai likitan mai haƙuri ne kuma kun yi yarjejeniya cewa da ka ɗaga hannu zai dakata. Sauran hanyoyin kwantar da hankali, ban da barcin tiyata gaba ɗaya, ƙari ne a kanta, ko da an ba ka su sai an yi allurar.

Na biye da ita iskar dariya ce, wadda wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya fara gwadawa wajen cire haƙori a 1844. Ana shaƙar ta ta hanci a haɗe da iskar oksijin. Kana ji kana gani, jikinka dai ya saki. Da an rufe ta, cikin mintoci kaɗan ta bar jiki, ka tashi da ƙafarka. Sai dai mai murar hunturu da hanci ya toshe ba za ta yi masa aiki ba, kuma ana kauce mata a farkon ciki. Ba kowane asibiti ke da na'urarta ba, ka tambaya tun kafin ranar.

Sai ƙwaya, irin su diyazefam, da ake sha kamar awa ɗaya kafin aiki. Ta fi araha, amma a nan ne hankali ya kamata ya tsaya. Likita ne zai ƙayyade adadin bisa shekarunka da lafiyarka. Kada ka saya a tiren mai talla a bakin kasuwa ka haɗiye a ɓoye. Wanda kuma ke shan tiramol ya faɗa wa likita gaskiya, don haɗuwar biyun na iya danne numfashi har ya tsaya. Bayan aiki sai ɗan'uwa ya raka ka gida, a adaidaita ba a bayan kabu-kabu ba, kuma babu tuƙi sai washegari.

Mai tsoro mai tsanani ana iya sa masa midazolam ta jijiyar hannu. Da yawa ba sa ma tuna abin da aka yi musu. Kafin ka yarda, ka ga an manna maka ɗan abin auna iskar jini a yatsa, ka kuma tambaya: "Likita, wa zai riƙa duba numfashina yayin da kake aiki?" In babu amsa mai gamsarwa, ka haƙura da wannan hanya.

Barcin tiyata gaba ɗaya na babban aiki ne, ko ƙaramin yaron da ba ya tsayawa, kuma sai a ɗakin tiyata tare da ƙwararren mai sa barci. Ana barin abinci awa 6 kafin lokaci, ruwa zalla awa 2. Mai hawan jini, ciwon suga, asma ko sikila ya sanar tun ranar farko, ya zo da magungunan da yake sha a ledarsu likita ya gani.